Ƙusoshin Babana

Babana bai taɓa buga ƙusa ta shige har kai ba. Duk kwanon rufin gidanmu da ke wajen Sheda, ƙusoshinsa rabi ne a ciki, rabi a waje. Sauran aikin ya bar wa duwatsu da tsofaffin tayoyi. Da hadari ya haɗo, yaran maƙwabta su shige ɗaki, mu kuwa mu ɗaura ɗamarar bin kwano a gonakin mutane. Na yi gudun da ko ɓarawon akuya bai yi ba.

Mu Gbagyi ne, mu aka tarar a nan kafin a ce za a gina Abuja. Ranar da katafila ta zo ƙauyenmu na asali, Baba yana saurayi. Kakana bai daɗe da yin sabon rufi ba, ya buga shi gam. Ya hau yana cire ƙusa da guduma, bai kai ko'ina ba aka sauko da shi, aka niƙe kwanon yana kallo. Daga nan kakana ya daina magana sai dole. Baba ne ya gaji gudumar, kuma a ƙarƙashin katifarsa take kwana.

Na girma ina yi masa dariya. Na yi boko, na samu aiki, na kama haya a Kado, ina ganin na waye. Sai wata ƙawata ta zo ta tambaye ni yaushe na tare. Na ce ai na shekara da shekaru. Ta dubi kayana a ƙulle cikin jakunkuna, ta dubi zanen da na maƙale a taga maimakon labule, ta ce, "Ke kuma wa ke korar ki?" Na ji haushinta ƙwarai.

Wata damina iska ta ɗauki kwano ɗaya ta kifa shi kan tukunyar burkutun Gwaggo, yayar Baba. Da kan mutum ya faɗa, da wataƙila ta yi haƙuri. Ta kira gayya. A wajenmu gayya ta noman doya ce, ba a taɓa yi wa rufi ba, amma wa zai gaya wa Gwaggo? 'Yan tsohon ƙauyenmu suka zo daga duk inda aka watsa su, da ganguna da kafinta. Mata suka hau daka sakwara, tsofaffi na waƙar da ke lissafa gidajen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, suna gardama kan wa ke kusa da rafi, a wurin da yanzu ake wankin mota.

Baba ya tsaya ya tare tsani. Kafinta ya ce, "Oga, ƙusa nan ba ya riƙe komai fa, ka bari in gama."

"Idan sun zo fa?" in ji Baba. Ba kafinta yake kallo ba.

Gwaggo ta ajiye ƙwaryarta. "Ƙanena, ran nan kowa kan rufinsa yake, shi ya sa babanmu ya rasa mai kama masa. Dubi mutanen nan. In sun zo, mu da muka buga mu za mu cire. Matsa, ko in hau da kaina, ƙauye ya ga abin da bai taɓa gani ba."

Aka fashe da dariya, ban da shi. Ya shiga ɗaki, na ce shi ke nan, an yi asarar doya. Sai ga shi da gudumar. Ya hau tsanin, ya ɗaga ta, bugun farko ya sauke a babban yatsansa. Zagin da ya yi da Gbagyi sai da dattijon coci ya toshe kunne. Ya sake bugawa, ya sake, har ƙusar ta nutse. Ya zauna a kan rufin yana kuka, yana ce wa kowa yatsa ne. Ni ma na yi kukan, kuma nawa yatsan lafiya lau.

Da zan koma Kado, ya biyo ni bakin hanya da yatsa a naɗe, ya tura mini gudumar cikin jaka.

"Na ji an ce ba ki da labule," ya ce. "Ki buga har kai. Kuma kar ki dawo mini da ita."