Shinkafar Inna Ta Cika Tsabta

Tun da na yi wayo na san mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a layin 'yan shinkafa na babbar kasuwar Suleja, zaune kan kujera 'yar tsugunno, mudu a hannu. Shinkafar waje take sayarwa, kamar kowa a layin. Ta Kwatano take shigowa, wani lokaci ta Maraɗi, manyan motoci su sauke a Diko, ƙanana su ƙaraso da ita cikin gari. Ba wanda ya damu da ta ina ta biyo. Ka farke bakin buhu ka tarar da ita doguwa, fes, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, ka auna wa mai saye ya kama gabansa.

Shekarar da aka rufe boda na riga na girma, ina aikin buga takardu a wani shago a Abuja. Da asuba nake bin bas, in dawo da magariba a gajiye liƙis, saboda haka ranar Asabar kaɗai nake samun zama da Inna a rumfa. A zaman Asabar ɗin nan na ga yadda layin ya watse kashi-kashi. Wasu suka koma sayar da taliya da man gyaɗa. Wasu suka rungumi 'yar gida yadda ta zo daga inji, da tsakuwarta da komai, mai saye ya je ya ƙarata da haƙoransa. Wasu kuwa ba su bar ta wajen ba, sai dai yanzu ta daji take shigowa a kan babura, a juye ta cikin buhunan kamfanonin gida a ɗinke, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Maƙwabciyar rumfarmu tana cikin waɗannan na ƙarshe. Mutuniyar kudu ce, Kirista, kowa Madam yake ce mata. Sun fi shekara ashirin kafaɗa da kafaɗa da Inna. In Inna ta tafi sallar azahar Madam ke auna mata, in Madam ta tafi garinsu Kirsimeti Inna ke riƙe makullinta. Ita ta fara yi wa Inna tayin hanyar.

"Hajiya, ki bari a kawo maki buhu biyar kawai. Ba wahala. Kowa na yi."

Inna ta ce a'a. Ba zan yi mata ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ya hana ta ba. Ita da bakinta ta ce ƙafafunta ba su iya gudu ba, kuma fuskarta ba ta iya ɓoye abu ba, ko ɗan sanda mai ba da hannu ya kalle ta sai ta fara ba shi haƙuri.

Sai ta nemo wani manomi a wani ƙauye gaba da Gawu, wanda matan gidansu suka iya turara shinkafa ba ta ƙone ba ta yi wari. Duk mako biyu ya aiko da buhuna. Amma tsakuwa tana nan, domin a ƙasa ake shanya. Nan Inna ta mai da tsakar gidanmu ma'aikata. A zuba a rariya, a bakace, sannan a baza kan manyan tire a bi ta da yatsa. Ta ɗauki wasu dattijai mata uku na unguwarmu suna taya ta. Tabarau ɗin da likita ya rubuta mata, wanda ta ƙi sawa don wai yana mai da ita tsohuwa, sai ga shi a kan hancinta tun safe har la'asar.

Ni haushi abin yake ba ni, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata ribar da take samu ba ta kai kuɗin maganin ido ba. Na ce mutanen layi suna sayar da tasu da duwatsun da za a iya gina ɗaki da su, kuma ba wanda ya mutu. Ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To ki je ki saya a wurinsu mana." Daga nan ta miƙo mani tire.

Kuskuren daga buhu ya fito. Buhunan manomin tsofaffin buhunan taki ne, sun sha jiki, ƙura na shiga ta ko'ina. Inna ba za ta yi kwana uku tana tsintar shinkafa ta mayar da ita cikin wannan ƙazanta ba. Tana da tulin buhunan shinkafar waje na da, masu kauri, da hoton tsuntsu da rubutun wata ƙasa a jiki, a ninke ƙarƙashin gado, domin Inna ba ta yar da komai. Ta wanke su ta shanya, ta riƙa zubawa a ciki. Ba ta taɓa ce wa mai saye ta waje ce ba, da bakinta take faɗa cewa ta Gawu ce. Abin da har yanzu yake ci mani rai shi ne, ni da nake buga wasiƙun ma'aikatu kullum, nake jin labarai a rediyon bas safe da yamma, ni na riƙa ɗinke mata bakin buhunan nan da basilla, ko sau ɗaya tunanin bai zo mani ba.

Wata Asabar da hantsi suka zo, motoci biyu, jami'an da ke farautar shinkafar waje. Kafin su iso layinmu labari ya riga su. Na leƙa Madam, na gan ta zaune tana fifita da kwali, hankali kwance, buhunanta jere da sunan kamfanin gida ɓaro-ɓaro. Suka dubi buhunan suka wuce. Da suka zo kanmu suka tsaya cak, ga buhu bakwai kowanne da tsuntsunsa.

"Ranka ya daɗe, 'yar gida ce," in ji Inna. "Ta Gawu ce. Buhun ne kawai."

Wani matashi a cikinsu ya soka ƙarfe a buhu, shinkafa ta zubo masa a tafin hannu. Ya baza ta da yatsa, ya juya, ya kai ta wajen haske.

"Mama, 'yar gida? To ina tsakuwar?"

Wasu a layin suka yi dariya. Ba na mugunta ba ce, na sani, dariyar mutanen da wuta ta tsallake rumfarsu ce, amma ban yafe ta da wuri ba. Na miƙe na fara zazzaga masifa, Hausa da Turanci duk na haɗa, har na buɗe baki zan ce su je su soki na maƙwabta su gani. Inna ta damƙe gefen mayafina ta ja, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na haɗiye maganar. Aka loda buhu bakwai aka tafi da su.

Kafin azahar shugaban layi ya zo. Ya ce ƙungiyar 'yan kasuwa ta riga ta yi wa hukuma alkawari, duk wanda aka tabbatar yana sayar da ta waje zai bar rumfarsa. Ya ce shi ya san Inna, kowa ya san ta, amma takarda ake so. In ba ta kawo shaidar an wanke ta ba kafin mako ya zagayo, dole a ba wani wurin. Rumfar nan a cikinta Inna ta ciyar da mu tun rasuwar mahaifinmu. Ta ce masa to, ta ɗauki mudunta ta sa a jaka, muka dawo gida da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba.

Washegari Lahadi, sai ga Madam ta yi sallama, ko ɗaurin ɗankwalin coci ba ta kwance ba. Na amsa mata a daƙile, ko tabarma ban shimfiɗa ba sai da Inna ta harare ni. Madam ta zauna ta fuskanci Inna.

"Hajiya, wallahi abinci bai shiga cikina ba tun jiya. Kayana ne ya kamata su ɗauka, na sani, 'yarki ma ta sani, ga yadda take kallona." Ta juyo gare ni. "Yi haƙuri, abeg." Sannan ta matso kusa da Inna. "Ki ji. Ni nake sayar da ta waje, ni na san ta. Ta waje ba ta da ƙamshi. Ta yi shekaru a sito, ta kwana a jirgin ruwa, ƙamshin ya mutu. Taki ta bana ce. Kar ki je kina rantsuwa, sun gaji da jin rantsuwa. Ki dafa masu."

Na ɗauka wasa take yi. Inna kuwa tuni ta fara lissafa abin da za a ɗauka.

Ranar Litinin ban je aiki ba. Muka ɗauki shatar keke, muka sa kurfoti da gawayi da tukunya da jarkar ruwa, da soyayyen manja da albasa a kwalba, da yaji. Harabar tasu tana bakin gari, buhuna jibge ƙarƙashin tamfol. Mun yi zaman awa biyu kafin aka kai mu gaban babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu, wanda ya saurari Inna har ta gama bai katse ta ba.

"Hajiya, kin sa ni a tsaka mai wuya," ya ce. "In ta waje ce, kin karya doka. In ta gida ce a buhun waje, to mutane kike yaudara su biya kuɗin ta waje. Wanne zan rubuta?"

"Yallaɓai, a kuɗin ta gida nake sayarwa, a tambayi duk layi. Buhun na sa don kar ƙura ta shiga. Ka zaɓi wanda ka ga dama cikin bakwai ɗin, a ba ni mudu ɗaya."

Ya dube ta, ya dubi kurfotin da nake rungume da shi, ya yi murmushi. Ya sa aka ɗebo daga buhu na ƙasa.

Ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro muka hura wuta. Inna ta ɗauraye shinkafar sau ɗaya ta zuba, ba rege ba komai. Ta tsuguna gaban tukunya tana gyara wuta. Da ta fara tafasa ƙamshin ya tashi, ƙamshin sabuwar shinkafa turarriya wanda duk ɗan ƙasar nan ya sani tun yana goye. Na ga masu gadi suna waiwayowa. Matashin nan da ya tambayi tsakuwa ya zo wucewa da fayil a hannu, ya rage tafiya, ya wuce, ya sake dawowa.

Dattijon ya ci faranti guda a tsaye. Ya miƙo aka ƙara masa. Da ya gama ya wanke hannu ya ce, "Ta gida ce." Ya shiga ya sa hannu a takarda, ya ce a juye mana kayanmu cikin fararen buhuna, masu tsuntsun kuwa sun zama nasu. Ina ta murna har ina yi wa matashin nan kallon sama da ƙasa. Amma da dattijon ya rako mu bakin ƙofa sai ya rage murya.

"Hajiya, shawara zan ba ki, ba doka ba. Ki bar mata tsakuwarta. Yau ni kika samu, kuma na samu lokacin cin abinci. Gobe wasu ne za su tare ki a hanya, su ba za su jira tukunya ta tafasa ba."

Shugaban layi ya karɓi takarda ya yi mana barka, ya kuma ƙara da cewa in aka sake, ko da kuskure ne, ba zai iya tsaya mata ba. Rumfa ta dawo hannunmu.

A makon nan Inna ta sallami dattijan nan uku, ta ba kowacce mudu biyu da haƙuri. Ni da na yi watanni ina yi mata tsiya kan tsintar nan, ni ce na koma roƙonta kar ta bari. Na ce ai buhu ne ya jawo, yanzu ga fararen buhuna, shi ke nan. Ta girgiza kai.

"Buhu ya tsayar da su. Amma kin ga abin da yaron nan ya duba a tafin hannunsa? Ni ba ni da wata rumfar."

Kayan da suka zo daga Gawu bayan nan, bakacewa kawai ta yi ta kai kasuwa.

Asabar ɗin da ta biyo ina zaune sai ga wata mai sayar da abinci a tasha, Bayarabiya, wadda take sayen mudu goma duk mako. Shekara da shekaru tsayawa kawai take yi ta miƙo buhunta tana ba Inna labarin 'ya'yanta, ko kallon abin da ake aunawa ba ta yi. Ran nan ma ta miƙo buhun, ta fara labari, sai idonta ya faɗa kan daron shinkafar. Maganar ta tsaya mata a baki. Ta sunkuya a hankali, kamar mai jin kunya, ta sa hannu ta ɗebo, ta baza a tafinta tana dubawa.

Na dubi Inna ina jiran ta yi bayani, ta ba da labarin motoci biyu da dattijo da tukunya. Ba ta ba da ba. Ta kama bakin daron ta jawo shi daga inuwa zuwa inda rana ke bugawa.

"Duba da kyau, Iya," ta ce. "Akwai. Ki gaya wa masu dafa maki su rege."