Kukan Kura a Rediyon Baba

Har yau in na ji ƙarar danna maɓallin tsohuwar rediyo mai kaset, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya muku dalili.

Ina aji biyar a firamare, a Inugu, makarantarmu ta shirya kai mu gandun dajin gwamnati. Malamarmu, wata Inyamura mai son aikinta, ta kawo kaset na kukan namun daji, kowa ya je gida da shi ya saurara kafin tafiya. Ranar da layi ya zo kaina damina ce, ruwa ya ɗauke, tsakar gidan hayarmu na bayan kasuwar Ogbete sai warin jiƙaƙƙen gawayi. Ni kuwa uwar iyayi, na ɗauko rediyon Baba na ƙure murya don 'ya'yan maƙwabta su san ana karatu.

Giwa ta yi, aka yi dariya. Biri ya yi. Sai kura.

Kaka tana tsintar wake. Matar da sai an kama ta take miƙewa, na ga ta watsar da faifai, ta fizgi ƙanena da ke rarrafe, ta faɗa ɗaki ta danne ƙofa da bayanta. Muna jin numfashinta daga waje. Tsoro ya kama ni har na kasa kashe rediyon.

Baba ne ya gaya mini daga baya. Lokacin da Kaka take yarinya a ƙauye, an bar mata renon ƙaninta a gona, ta kwantar da shi gindin kirya ta je ɗebo ruwa. Zanen goyon kawai aka samu.

Kaka ta ce ba inda za ni. Malama ta zo har gida ta durƙusa.

“Mama, hyena no dey that bush. Babu kura.”

“Ke kin kwana a dajin?” in ji Kaka.

Baba dai ya ce in tafi. Na tafi, amma ban ga komai ba. Itatuwa sun rufe sama, ko ganye ya motsa sai in damƙe zanen Malama. Ana nuna mana birai, ni bayana nake dubawa.

Da motarmu ta dawo, Kaka na zaune a bakin titi cikin yayyafi. Tun tafiyata ko ruwan koko ba ta sa a bakinta ba. Ba ta yi mini sannu ba. Ta kama hannuwana tana shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kamar jaririyar da aka haifa yanzu, sai ta kira ni da sunan wani yaro da ban taɓa ji ba.

Yaran yanzu a waya suke kallon namun daji, suna cin gyaɗa. Makon gobe za a kai ajin 'yata gandun daji, sai tsalle take yi. Na ce ta je. Mahaifinta yana tambayata me ya sa na ajiye kujera a bakin ƙofar gida tun yanzu.