Hannun hagu kaɗai

Ɗiyata tana da wata huɗu na kasa ɗaure majanyi. Fatar hannuwana ta yi tauri tana ƙyalli, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, ga raɗaɗi. Inna, uwar mijina, ita ke goya ta, ni ina kallo.

Daga Hawandawaki ni da Inna muka shiga motar kasuwa zuwa likitar Tasawa, asibitin garin. Lokotoron da ke duba marasa lafiya mace ce, doguwa, takalminta duk rairayi. Ta kama fatar bayan hannuna za ta ɗaga, fatar ta ƙi.

"Ƙanwata, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji ta. "Ciwon nan ba mu da maganinshi. Akwai wani mai da muke kashe zafi da shi kafin ɗinkin rauni, muna gwadawa ko zai sassauta fata. Ban sani ba ko zai yi. Kin yarda?"

Ban taɓa jin mai farar riga ya ce bai sani ba. Na yarda.

"Hagu kaɗai za ki shafa."

"Dama fa? Da ita nake ci!"

"Dama ce shaidarmu. In kin shafa duka biyu, da wa za mu gwada?"

Kwana uku na jure. Hagu ta yi shiru, dama tana ci na. Na huɗu na shafe su duka. Da maraice na haɗa ruwan wankan ɗiya, na tsoma hannu, na ji shi daidai. Na ɗauko ta ke nan Inna ta fizge ta.

"Ke! Kaza za ki fige?"

Sai sannan na ga tururi. Ashe man ne ya hana hannuna jin zafin ruwan.

Da muka koma na faɗa wa lokotoro komai, kaina a ƙasa. Na zaci za ta kore ni. Sai ta rubuta, ta ce, "Ni ya kamata in tambayi mai yi wa jaririya wanka. Daga yau gwiwar hannu za ki tsoma." Ina zaune ta kira matar da ke bayana a layi, mai shafa irin man nan, ta faɗa mata haka ita ma. Gwajin kuma muka sake shi daga farko.

Bayan makonni ta jera hannuwana bisa tebur, ta daɗe tana taɓawa.

"Zafi ya ragu. Fata ba ta canza ba. Haka zan rubuta."

Na yi kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta buɗe jakarta ta ciro majanyin ɗanta, an ɗinka mishi zobe biyu na ƙarfe. Ta nuna mini yadda zan zura bakin majanyin cikin zoben, in ja da tsintsiyar hannu. Sau biyar ina gwadawa kafin ya kama.

Har tasha Inna tana bina da hannu a ƙarƙashin goyon. Ɗiyar ta yi barci, yawunta ya jiƙa mini wuya.