Inda faifan Baba yake tsayawa

Jiya ni da Inna muna kallon faifan walimar da aka yi lokacin da marigayi Baba ya dawo daga Makka, sai hoton ya tsaya cak inda ya saba tsayawa: Baba ya juyo yana murmushi. Can kuma ya ci gaba.

Abin ya daɗe yana damuna. Na ɗauka faifan ya fara lalacewa ne, kuma shi kaɗai gare mu. Yau da safe na hau moto, wato babur, na kai wa Malam Hamadu, mai juye bidiyon biki a babbar kasuwar Garuwa.

Ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Wai DVD ne mai hawa biyu kamar bene, shi ya sa ya ɗauke walimar gaba ɗaya. In hasken na'urar ya gama karanta hawan farko, sai ya ɗan dakata kafin ya koma na biyu. Ya ce zai juye mini a wani wanda ba ya tsayawa.

Na dawo da murnata na gaya wa Inna.

Ta ce, "A juye ɗin, don ajiya. Amma ni wannan za ka riƙa sa mini."

Na ce, "Inna, mai tsayawar?"

Ta ce, "Babanku ya ƙare rayuwarsa a kan hanyar fatauci, yau Marwa, gobe Kusseri. Nan ne kaɗai yake tsayawa ya dube ni."



Allah ya jiƙan iyayenmu. Ku fa, mene ne a gidanku da aka hana ku gyarawa?