Maikano Kafinta da Silin Roba

Shekara talatin da huɗu Maikano ya yi yana aikin kafinta a Kontagora, kuma duk tsawon shekarun nan gara ba ta bar shi ya huta ba. Ya yi ƙofa, ta cinye. Ya yi benci, ta shiga ta ƙafa ta ɓullo ta sama. Ya shafa wa katako baƙin mai har tafin hannunsa ya rine, amma damina biyu ko uku, sai a sake kiransa.

Da kujerun roba suka cika kasuwa, masu sayen benci suka ɗauke ƙafa. Bai tsaya jayayya ba, ya koyi kafa silin roba da furfurarsa.

Babban aikinsa na farko a wani coci ne a Ibeto. Dattijon cocin, Baba Filibus, ya ƙwanƙwasa falle ɗaya ya ce, "Malam Maikano, ka tabbata gara ba ta cin wannan?"

"Sai dai ta ɗanɗana ta bari, Baba. Ba cimarta ba ce."

Bayan shekara huɗu aka aiko ya zo maza. Ya hau babur, gwiwoyinsa na ciwo, ya tarar rabin silin ya rufto kan kujeru. Allah ya kiyaye, ranar Talata ce, ba kowa a ciki. Ya juya falle guda. Robar lafiya lau, sai ɗan ƙwarzane a gefe da hanyar ƙasa da garar ta gina a bayanta. Katakon da ke riƙe da ita kuwa, yana matsawa da yatsa ya zama gari.

"Ba ka yi mana ƙarya ba," in ji Baba Filibus. "Robar ba ta taɓu ba."

Maikano ya zauna a bakin ƙofa. "Ni na yi wa garar rumfa, Baba. Da katakon a fili yake, da kun gani tun da wuri."

Dattawa suka yanke a sa ƙarfe, aikin ya koma hannun mai walda. Maikano ya wanke fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya jingine su a bango, ya kama hanyar gida.

Tun daga ranar bai ƙara hawa tsani ba. Yana nan a shagonsa, yana sassaƙa ƙotar fartanya ga manoman Mashegu, in rana ta yi zafi ya miƙe ƙafa ya yi gyangyaɗi.