Shafin da Na Tsallake

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Rajab, a tsakiyar shekarun saba'in, muna cikin dogon hutun makaranta, Baba ya shigo lungunmu na unguwar Kurayyat a Jidda da sabuwar mota. Ina tsugune a ƙofar gida ina wanke kofunan shayi sai na ji hon. Fara ce ƙal, ƙirar Japan, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Lungun ya yi mata kaɗan, sai da aka janye akuyar maƙwabta da bencin mai sayar da gawayi kafin ta samu wurin tsayawa. Umma ta leƙo ta bayan labule ta rangaɗa guɗa, matan unguwa suka taya ta. Shekara goma sha biyar Baba ya yi yana tuƙa babbar motar wani ɗan kasuwa tsakanin tashar jiragen ruwa da shagunan Bab Makka, bai taɓa riƙe makullin da za a ce nasa ne ba sai ranar. Awarwaron Umma biyu na zinariya suna cikin kuɗin motar nan. Duk mun sani, ko da yake ba mai faɗa.

A aljihun gaban motar akwai wani ɗan littafi, rabi Turanci rabi Larabci, wanda direbobi ke kira kataloj. Baba haifaffen Jidda ne, Larabci a bakinsa yake, amma karatunsa bai wuce na allo ba, ƙananan haruffan bugawa kuwa juya masa suke yi. Ni ce babba a gidanmu, na gama aji biyar, saboda haka bayan la'asar da aka shimfiɗa tabarma a inuwar bango, maƙwabta suka zazzauna, sai ya miƙo mini littafin ya ce in karanta wa jama'a.

Cikin waɗanda ke zaune har da Usta Haruna, bakanike, Bahaushen Sudan mai gareji a Waziriyya. Shi ya koya wa Baba tuƙi tun yana saurayi, shi ya sa Baba ke ce masa Yaya duk da ba su haɗa jini ba, mu kuma muna ce masa Ammi, wato baffa. Dattijo ne dogo, mara yawan magana, wanda baƙin mai ya zauna a layukan tafin hannunsa har sabulu ya gaji ya ƙyale shi.

Na gyara zama na ɗaga murya kamar ina gaban malama. Na karanta cewa juyen man inji na farko a yi shi bayan kilomita dubu, daga nan kuma duk bayan dubu biyar. A ƙasan wannan akwai wasu layuka ƙanana da aka yi wa alamar tauraro, suka zarce har shafi na gaba. Na hango dogayen kalmomi a ciki, na ji tsoron kada harshena ya harɗe a gaban mutane, sai na tsallake shafin na wuce maganar tayoyi. Ammi Haruna ya girgiza kai. "Dubu biyar a zafin nan, Idi? Ka riƙa kawo mini ita duk dubu biyu da rabi, kuma mai kauri za ka zuba, lamba hamsin." Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Ammi, ai waɗanda suka ƙera motar sun fi kowa saninta." Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ce, "Halas, shi ke nan, tunda 'yar makaranta ta faɗa." Ya sa takalmansa ya tafi.

Baba ya yi mini faɗa, amma faɗan bai kai zuci ba, don na ji shi yana ba Umma labari yana dariya ƙasa-ƙasa. Juyen farko a wani gidan mai ya yi shi, suka zuba abin da suke da shi. Waziriyya kuwa ya daina bi ta can, Ammi Haruna ma ya ɗauke ƙafa daga gidanmu.

Motar ta shiga aiki, Jidda zuwa Makka, sau biyu ko uku a yini, da masu Umra da 'yan kasuwa. Kowace safiya ni da ƙanwata mukan ɗauko ruwa a famfon unguwa, garwa a ka, rabi na girki da wanka, rabi na mota. Nakan goge gilasai da tsohon mayafin Umma, in kakkaɓe yashin da fasinjoji suka bari a ƙasa, sannan in leƙa in karanta wa Baba lambar tafiyar da ta yi. Daga nan a aike ni sayen burodin tamis da wake, in dawo in yi shara, in tsince shinkafa. Sai rana ta yi sanyi muke samun kanmu, mu zana 'yar gala-gala da gawayi a ƙasa ko mu baje duwatsun carafke. A kwanakin nan ko a wasa ina ɗaga kai, don kowa a lungun ya ji cewa ni Safiya na kayar da Usta da karatu.

Wata rana da azahar, zafi ya hana kowa fita, Baba yana ɗan barci kafin ya koma hanya. Na ɗauko kataloj don in nuna wa ƙanwata hotunan ciki, sai ya buɗe daidai inda na tsallake. Na bi layukan a hankali, ba mai kallona. Ba su ma da wuya. Cewa suka yi idan ana aiki da motar a wuri mai tsananin zafi, ko hanya mai ƙura, ko ana haya da ita tana yini a kunne, to a raba wancan lissafi biyu, a juye mai duk bayan dubu biyu da ɗari biyar. Duk ukun sun hau kan motarmu. A safiyar ranar kuwa ni da bakina na gaya wa Baba ta haura dubu uku tun juyen farko.

Kwana uku na yi da maganar a cikina. Abinci ya daina shiga, Umma ta ɗauka zazzaɓi ne har ta jiƙa mini magani. Duk safiya in karanta lamba, ta ƙaru, in yi shiru. A rana ta uku Baba ya dawo da murna, ya ce wasu iyali sun ɗauke shi zai kai su ziyara Madina, kuma lissafi ya yi daidai, yana dawowa ta cika dubu biyar sai ya yi juye. Na tuna yadda yake ba da labarin hanyar Madina, dogon jeji, rana kamar wuta, a yi tafiya mai nisa ba a ga gida ko ɗaya ba. Na hango shi tsaye a gefen hanya da mata da yara, inji ya ƙone.

Da safe yana shan shayi na zo na durƙusa, na buɗe shafin, na karanta masa ina kuka. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon littafin, sannan ya ce, "Ɗauko mayafinki. Yalla, mu tafi."

Garejin Ammi Haruna rumfar kwano ce da rami a tsakiya. Ya amsa sallamar Baba ba tare da ya dube ni ba. Baba ya ce, "Yaya, 'yarka ce ta zo da ragowar karatu." Na karanta shafin daga farko har ƙarshe, sannan na ce ya yafe mini. Ya sauka rami ya kwance ƙusar da ke toshe man injin. Man ya zubo baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa. Ya taɓa da yatsa, ya murza, ya miƙo mini in murza ni ma, na ji ɗan tsaki-tsaki a ciki. "Ashe mutanen Japan sun san Jidda," in ji shi, ya yi murmushi. Sai kuma ya ce, "To me suka faɗa a kan kaurin man? Karanta, ya binti, 'yata, kada ki bar ko ɗigo." Littafin ya ce a irin zafinmu lamba arba'in ta isa. Ya sa na maimaita, sannan ya ce injinan da ya saba da su tsofaffi ne masu shan mai, sabo kam bai san cikinsa ba tukuna. Ya mayar da gwangwanin hamsin da ya riga ya ɗauko, ya sauko da na arba'in.

Baba ya je Madina ya dawo lafiya. Daga nan har hutu ya ƙare, duk sabuwar motar da aka kai wa Ammi Haruna, sai ya aro littafinta ya zo da shi gidanmu ranar Juma'a, in karanta, shi kuma ya riƙa tsayar da ni yana bayyana abin da kalmomin ke nufi a jikin ƙarfe. Motar ta yi shekara goma sha ɗaya a hannun Baba ba a taɓa buɗe injinta ba.

Yanzu motar ɗana ita ke gaya masa da kanta lokacin juye, wata 'yar fitila ta kama, ya shiga wani wuri mai sanyi, a gama masa ba tare da ya san sunan wanda ya yi aikin ba. Ba na cewa hakan laifi ne. Amma inda garejin Waziriyya yake dā shagon wayoyi ne yau, Baba da Ammi Haruna duk sun kwanta dama, Allah ya jiƙansu. Na yi shekaru ina koyarwa, na haɗu da masana da yawa, amma kaɗan na gani da za su iya sauya ra'ayi a gaban yarinyar da ta kunyata su.