Watannin da Goshi Ta Yi a Bayan Kotu

Wata ranar kasuwa ce bayan an gama yankan gero, shekarar da nake aji biyar a firamare, Baba ya faɗo gida ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce an ga Goshi a kasuwar Dogon Daji. Ina tsugune ina wanke ƙwarya, na miƙe har na kifar da ruwan. Goshi saniyata ce, ɗiyar karsanar da kakana ya ba ni ranar sunana, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka haifa a gidanmu. Kwana tara ke nan da aka kwance ta daga turke, aka bar mana ɗan maraƙinta yana kukan da ya hana kowa sakat. Ni ke roƙo masa madara gidan kawuna kafin in tafi makaranta, in na dawo kuma ko ƙawayena na ta carafke a ƙofar gida ba na leƙawa.

A hannun wani magidanci daga wajen Kebbe aka same ta, Malam Sahabi, wanda ya rantse cewa saye ya yi daga wani baƙo. Kunnenta na hagu, inda tsagar gidanmu take, an yanke shi ƙaf. Da aka je gaban mai garinmu bai ga abin wahala ba, domin masu shanu suna da hanyarsu tun kaka da kakanni: a kawo maraƙi a sake shi, in saniya ta lashe shi ta bar shi ya sha, magana ta ƙare. Malam Sahabi ma ya yarda. Baba ne ya ƙi. Mutum ne mai sauraren rediyo, mai ganin duk abin da aka rubuta a takarda ya fi ƙarfin wasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kotu nika zuwa. Ɓarawon nika so a kamo, ba saniya kaɗai ba." Ranar har alfahari na yi da shi.

Kotu ta ce saniya ita ce abin da ake shari'a a kai, ba mai tafiya da ita sai an yanke hukunci. Aka ɗaure ta gindin wata bedi a bayan ginin, aka manta cewa abin da aka ɗaure yana cin abinci. Ciyarwa ta dawo kanmu. Duk bayan kwana biyu Baba zai ɗaura harawa da buhun dusa a babur ya kai wa mai gadin kotun, ran Asabar kuma ya ɗora ni a kan kayan. Tun daga kwanar Jabo nake fara addu'a, don ban san yadda zan same ta ba. In na kira sunanta sai ta ja igiya har ta shaƙe, ni kuma in yi ta shafa wuyanta ina ƙirga haƙarƙarin da suka fito. Ko a aji malam na rubutu a allo, hankalina na can wajen ko an ba ta ruwa.

Zama na farko alƙali ya yi tafiya. Na biyu magatakarda ya ce ba a ga fayil ba. Na uku aka ce an canja wa alƙalin wurin aiki, sabon zai faro daga farko. Magana ɗaya na haddace a wurin, "An ɗaga." Ɓarawo kuwa ban taɓa jin an ambace shi ba. Inna takan ce wa Baba, "Malam, ka janye a dawo gida, dabbag ga ba ta kai damina." Baba ya je janyewa, aka ce ai magana ta riga ta shiga hannun hukuma.

Sai a wata na biyar, tsakiyar bazara, sabon alƙali ya yarda a kawo maraƙin. Muka kai shi cikin amalanke, mutane suka yi da'ira. Amma nono ya daɗe da ƙafewa, shi kuma ya saba da dusa. Ya shinshina ta sau ɗaya ya juya ya nufi harawar da ke gefe. Goshi tana kwance, ko kai ba ta ɗaga ba. Na fashe da kuka ina cewa wallahi ɗanta ne, Baba ya riƙe hannuna. Alƙali ya rubuta abin da ya rubuta, ya sake ɗagawa. Kwana shida bayan nan mai gadi ya aiko cewa ya sa mata wuƙa don kada ta mutu mushe.

Hukunci ya fito bayan ruwan shuka: saniya tamu ce. Baba ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, muka kama hanyar gida. Da aka sace masa raguna biyu bayan shekara uku, ko mai gari bai gaya wa ba.

Yanzu ina koyarwa a Tambuwal, kuma na san akwai alƙalai masu tsoron Allah da aiki ya yi wa yawa. Amma a da, ko da ɓacin rai, mutum yana da inda zai ce zai kai ƙara har a ji tsoron maganarsa. Yau in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, sanduna nake gani a hannun samari, ba na jin mai cewa a kai shi kotu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da satar kanta. Ina kewar Baban da ya tsaya gaban mai gari da yaƙinin za a bi masa hakkinsa. Mutumin nan bai dawo gida tare da mu ba.